Kwantenarmu ta Farko da Hoton da Ba Mu Iya Dawo da Shi Ba

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja, akwai wata magana da ko ba jima ko ba daɗe sai ta fito daga bakinsa: "Wallahi a kwamfutata tana aiki." Mu mun furta ta a gaban wani dattijo da muke jin kunyarsa, kuma amsar da ya ba mu ce ta kai mu ga abin da ake kira kwantena. Mun ga ya dace mu ba ku labarin, daɗinsa da ɗacinsa, ko wani zai tsallake ramin da muka faɗa.

Mu huɗu ne, duk 'yan Indabo a ƙaramar hukumar Wudil. Tare muka yi allo, tare muka yi firamare. Uku daga cikinmu muna karatun kimiyyar kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2001, daga baya aka sanya mata sunan Aliko Dangote. Na huɗunmu gyaran waya yake yi, kuma shi ne ya fi mu haƙuri da na'ura. Laftof ɗaya gare mu, 'yar gwanjo ce mai ƙwaƙwalwar gigabait 4, batirinta ba ya wuce minti arba'in. Kwana-kwana muke yi da ita: yau tana gidan wannan, gobe tana gidan wancan.

A wani dogon hutu muka yanke shawarar yi wa Islamiyyar unguwarmu abin da za a tuna mu da shi. Shugaban makarantar shi ne ya biya mana Baƙara muna yara. Duk ƙarshen zango sai ka same shi da malamansa sun baje rajista a kan tabarma suna tara maki da biro har dare. Muka rubuta 'yar manhaja da yaren PHP, muka haɗa ta da ma'ajiyar bayanai ta MySQL. Tana karɓar sunan ɗalibi da ajinsa da hotonsa, ta tara makinsa na Alƙur'ani da Hadisi da Fiƙihu da Larabci, ta fitar da na ɗaya da na biyu, ta buga takardar sakamako. Mako shida muka yi a kanta. A laftof ɗinmu kuwa, sai ka ce ruwa a gangare.

Ranar da muka kai ta ofishin Malam, mun sha wanka. Akwai wata kwamfutar tebur da wani bawan Allah ya ba makarantar. Muka kwafe aikinmu daga filash, muka buɗe, sai ga farin shafi da layi ɗaya na Turanci yana cewa bai san wani umarni da muka yi amfani da shi ba. Muka sake, haka. Muka kashe muka kunna, haka. Zufa ta fara karyo mana. Sai ɗayanmu ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi a tamu tana aiki."

Malam ya yi murmushi ya ce, "To samari, taku za ku bar mana ke nan?"

Ba mu da amsa, domin laftof ɗin ita ce jarinmu gaba ɗaya.

Da muka koma gida muka bincika, sai muka gane inda gizo ke saƙar. Mu mun yi aiki da PHP zubi na 8, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2020, muka yi amfani da wani umarni mai suna str_contains da babu shi a zubin baya. Kwamfutar makaranta kuwa PHP 5.6 ne a kanta, domin shekarun baya wani ya saka musu 'yar manhajar lissafin kuɗin makaranta, ita kuma ta dogara da wasu tsofaffin umarni da aka cire tun a PHP 7, a 2015. Idan muka sabunta don tamu ta tashi, tasu ta mutu. Idan muka bari, tamu ba za ta motsa ba. Gaba kura, baya siyaki.

Wani yayanmu da ke aikin manhaja a Kano ne ya ce mana a waya, "Ƙannena, ku je ku koyi Docker. Ku zuba aikinku a kwantena."

Mece ce kwantena?

Kalmar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Kullum muna ganin tireloli ɗauke da kwantenoni a kan titin Kano zuwa Maiduguri suna haye gadar Wudil, kuma wasu tsofaffin kwantenonin sun zama shaguna a bakin titi. Ko a watan Janairun 2023 an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda aikinta shi ne karɓar irin waɗannan akwatuna. Asalin dabarar daga Amurka take. Kafin ta, 'yan dako ne ke loda jirgin ruwa buhu-buhu, ganga-ganga, ana shafe kwanaki. A watan Afrilun 1956 wani mai motocin haya, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a kan jirgi mai suna Ideal X daga Newark zuwa Houston. Hikimar ita ce, mai jirgi da mai tirela da mai kuran ba su da buƙatar sanin abin da ke ciki. Atamfa ce ko taya, akwatin iri ɗaya ne, maƙalarsa iri ɗaya ce.

Haka kwantenar manhaja take. Kana tattara aikinka da duk abin da yake buƙata don ya tashi, wato zubin PHP ɗin da ka yi amfani da shi da sauran kayan haɗinsa da saitinsa, ka ƙulle su wuri guda. Duk kwamfutar da ke da injin tayar da kwantena za ta tayar da shi yadda ya tashi a taka, ba tare da ya taɓa abin da ke kanta ba. Shi ya sa tambarin Docker wani ƙaton kifi ne da kwantenoni a gadon bayansa.

A aji an koya mana wata hanyar, ta gina kwamfuta a cikin kwamfuta da manhaja irin VirtualBox. Mun gwada, laftof ɗinmu ta kusa shiɗewa. Bambancin da muka fahimta shi ne: waccan hanyar kamar ka gina wa kowane baƙo gidansa ne, da harsashinsa da rijiyarsa da zaurensa. Kwantena kuwa gidan haya ne. Kowa da ɗakinsa da mukullinsa da tukunyarsa, ba mai leƙa ɗakin wani, amma harsashi ɗaya ne, rijiya ɗaya ce. Harsashin nan shi ne zuciyar Linux da ake kira kanel. Da yake ba sai an sake gina shi ba, kwantena kan tashi cikin daƙiƙoƙi, ba ta cin ƙwaƙwalwa kamar waccan.

Dabarar ta girmi Docker nesa ba kusa ba. Tun 1979 Unix ke da umarnin chroot, wanda ke killace manhaja a kusurwa guda ta faifai. A 2000 FreeBSD ta zo da nata killacewar. Injiniyoyin Google suka ƙirƙiro hanyar yanka wa kowace manhaja rabonta na ƙwaƙwalwa da ƙarfin aiki, aka shigar da ita cikin Linux a 2008. Abin da Solomon Hykes da abokan aikinsa suka yi a watan Maris na 2013, lokacin da suka fito da Docker, shi ne sauƙaƙa abin har yaro ɗan Indabo ya iya tayar da kwantena da layi ɗaya. A 2014 Google ta saki Kubernetes don kula da dubban kwantenoni lokaci guda, amma wannan karatun gaba ne, kada ya ruɗe ku tun yanzu.

Yadda muka fara

Da farko mun saka Docker Desktop a kan Windows, sai laftof ta koma tafiyar hawainiya. Abokinmu mai gyaran waya ya ba da shawarar mu raba faifai biyu mu saka Ubuntu a gefe, tunda kwantena 'yar gidan Linux ce. A can abin ya yi sauƙi. Muka rubuta docker run hello-world, sai ga saƙon gaisuwa ya fito. Mun yi murna kamar an ce mun ci jarrabawa.

Kalmomi biyu suka fara rikita mu: imej da kwantena. Wanda ya warware mana shi ne hatimin da ke kan teburin Malam. Imej hatimi ne, an sassaƙa shi sau ɗaya, ba ya canzawa. Kwantena kuma tambarin da ka buga da shi ne. Kana iya buga guda goma daga hatimi ɗaya, kana iya yaga takardar ka buga wata. Ku riƙe maganar yaga takardar nan, za mu dawo kanta.

Don sassaƙa namu hatimin muka rubuta wani ɗan fayil da ake kira Dockerfile. Layi uku ne kacal. Na farko, FROM php:8.2-apache, yana cewa a ɗauko imej ɗin PHP da aka riga aka shirya a ɗora a kai. Na biyu, RUN docker-php-ext-install mysqli, yana ƙara abin da zai sa PHP ya yi magana da ma'ajiyar bayanai. Na uku, COPY . /var/www/html, yana kwashe aikinmu ya zuba ciki. Sannan muka rubuta fayil na biyu, na Compose, wanda ya ce a tayar da kwantena biyu tare, ɗaya ta manhajarmu, ɗaya ta MySQL. Da yake tsohuwar manhajar makaranta ta riga ta tare ƙofa mai lamba 80, sai muka ce tamu a shiga ta ƙofa 8080. Gida ɗaya, ƙofa biyu, ba faɗa.

Babbar matsalarmu ita ce data. Imej ɗin PHP da na MySQL kowanne ɗaruruwan megabait ne, ga sabis a garinmu wani lokacin sai ka fita tsakar gida kana ɗaga waya sama. Muka tara kuɗi muka sayi datar dare, muka kwana a ɗakin wani aboki a Wudil muka sauke komai. A nan muka koyi umarni biyu da ya kamata a rubuta wa duk ɗalibin karkara su da manyan baƙi: docker save da docker load. Na farko yana mayar da imej fayil guda ka zuba a filash, na biyu yana karɓarsa a wata kwamfutar ba tare da intanet ba. Mutum ɗaya ya sauke, aji guda su amfana. Mun kuma gane cewa imej ɗin Alpine bai kai megabait 10 ba, don haka wanda yake son gwaji kawai, da shi ya kamata ya fara.

Kwamfutar makaranta ta fi tamu ƙwaƙwalwa, Docker Desktop ya zauna a kanta, bayan mun shiga BIOS mun kunna wani saiti da aka bari a kashe. Muka loda imej daga filash, muka rubuta docker compose up -d, muka buɗe ƙofa 8080. Sai ga sunan makarantar ya fito da koren rubutu. Malam ya buɗe tsohuwar manhajar kuɗi ya ga tana nan lafiya lau. Ya ce, "Allah ya yi muku albarka." Mako biyu muka yi muna ɗaukar hoton yara da waya, aji-aji, a jikin farar katanga, muna shigarwa. Yara sun haura ɗari biyu. Da wayar ta cika, muka goge hotunan daga kanta, tunda a ganinmu sun riga sun shiga ma'aji.

Ranar da muka yaga takardar

Ana saura kwana biyar a raba sakamako, wani malami ya lura cewa idan yara biyu suka yi kunnen doki, manhajar tana ba ɗaya na uku ɗaya na huɗu. Gyara ne na minti goma. Muka gyara a gida, muka sassaƙa sabon imej, muka kawo. Muka rubuta docker compose down don a sauke tsofaffin kwantenonin, sannan muka tayar da sababbi. Shafi ya buɗe tsaf. Amma babu ɗalibi ko ɗaya a ciki. Babu suna, babu maki, babu hoto.

Rashin sani ya fi dare duhu. Mun san kwantena tana tashi da sauri, ba mu tsaya mun fahimci cewa duk abin da aka rubuta a cikin cikinta yana tafiya tare da ita idan aka goge ta ba. An yi ta ne don a yar a sake bugawa. Abin da ake so ya dawwama, a wajenta ake ajiye shi, a wani ma'aji da ake kira boliyum, mu kuma tun daga ranar muke ce masa rumbu. Bukkar gona kan rushe kowace shekara a sake kafa wata, amma ba wanda ke barin hatsinsa a cikinta.

Hannu na rawa muka kira yayanmu na Kano. Ya ce, "Kada ku ƙara taɓa komai. Musamman kada wanda ya rubuta umarnin shara na prune. Ku rubuta docker volume ls ku karanta min abin da kuka gani." Muka ga sunaye biyu dogaye, haruffa da lambobi a cakuɗe. Ashe waɗanda suka shirya imej ɗin MySQL sun tsara shi ne ya yi wa kansa rumbu ko da ba ka nema ba, sai dai rumbu ne marar suna. Da muka sauke tsohuwar kwantena, rumbunta ya zama maraya, sabuwar kuma ta buɗe wani fanko. Muka haɗa sabuwar da tsohon rumbun. Sunaye suka dawo, maki ya dawo. Mun yi hamdala har da sujada.

Hotuna ne ba su dawo ba. Su a cikin kwantenar PHP muka sa manhajar ta riƙa zuba su, babu rumbu mai suna, babu marar suna. Sun tafi.

Muka faɗa wa Malam gaskiya, cewa laifinmu ne. Ya ce ba komai, a sake ɗauka. Muka sake jera yara a jikin katanga kwana uku, aka raba sakamako a kan lokaci. Mun ɗauka magana ta wuce.

Bayan an dawo hutu Malam ya aika a kira mu. Ya ce wata uwa ta zo. Ɗanta na aji biyu ya rasu a cikin damina bayan gajeriyar jinyar zazzaɓi. Ranar da muka sake ɗaukar hoto ba ya makaranta, ya riga ya kwanta. Ta ji yara suna cewa an taɓa ɗaukarsu hoto, ita kuma ba ta da hotonsa ko ɗaya, shi ne ta zo ko za a wanke mata. Malam ya dube mu ya ce, "Akwai na farkon?"

Mun kwana biyu muna tonon faifai da wayar, abokinmu mai gyara ya gwada duk dabarar da ya sani. Ba mu samu ba. Mun tuna yaron sarai, mun tuna sai da muka ce ya gyara hularsa. Malam da kansa ya je ya ba ta haƙuri, bai ambaci sunanmu ba. Har yau idan muka bi ta ƙofar gidansu, kanmu a ƙasa yake.

Abin da muke so ku riƙe

Ba mu ba ku wannan labari don ku ji tsoron kwantena ba. Ita ce ta sa aikinmu ya bar laftof ɗinmu ya zama na mutane, kuma har yanzu makarantar da shi take aiki. Aikin da ba ya tashi sai a kwamfutarka, bai gama zama aiki ba. Amma ranar da ya koma hannun jama'a, abin da suke zubawa a ciki amana ne, kuma Docker ba zai riƙe maka amana ba sai ka nuna masa inda zai ajiye ta.

Don haka wanda zai fara, ga abin da da mun sani da shi za mu fara. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ka saka Linux, ka yi aiki da Docker a can, ko Podman, wanda umarninsa kusan iri ɗaya ne. Ka fara da hello-world da Alpine kafin manyan imej. Ku haɗa kai ku sauke sau ɗaya ku raba ta filash. Ka tsaya a kan imej na hukuma a Docker Hub, kada ka ɗauki na wanda ba ka sani ba. Ka rubuta lambar zubi ƙarara, kamar 8.2, don kada gobe a sauko maka da wani daban. Kada ka sassaƙa kalmar sirri a cikin imej, domin duk wanda filash ɗin ya shiga hannunsa zai iya tono ta. Sannan kafin ka shigar da bayanin mutum ko ɗaya, ka tambayi kanka: idan na goge kwantenar nan yanzu, me zai ɓace? Ka yi wa ma'ajiyar bayanai rumbu mai suna, ka yi wa hotuna da takardu nasu. Ka zuba bayanan ƙarya, ka goge kwantenar da gangan, ka tayar da sabuwa, ka ga ko suna nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Rumbu ma yana iya cin wuta, faifai yana iya lalacewa. Shi ya sa yanzu duk ranar Alhamis, da yake babu karatu, ɗayanmu yana zuwa ofis ya kwafe komai a filash biyu. Ɗaya yana aljihun Malam, ɗaya yana wajenmu. Kuma ba ma goge hoto daga waya sai mun gan shi a wuri biyu.

Allah ya jiƙan yaron nan, ya ba mahaifiyarsa haƙuri, mu kuma ya yafe mana sakacinmu, ya ba mu ilimi mai amfani.